AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ina Kuɗin Kai Sabis Karkara Suka Shiga?

  Yau dai jakar tamu ta cika da magana guda, domin wasiƙu da saƙonni da dama a kan abu ɗaya suka tsaya, wato rashin sabis na waya da intanet a ƙauyuka. Saboda haka muka zaɓi guda uku waɗanda suka tattara abin da sauran suka tambaya. Waɗanda ba su ji an karanta tasu ba su yi haƙuri, in sun kasa kunne za su tsinci amsarsu a ciki.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani dattijo manomi a ƙasar Katsina. Bayan gaisuwa, ya ce a garinsu in mutum zai buga waya sai ya hau tudu ko ya fita bayan gari, alhali kullum yana jin ana ambaton miliyoyin da aka ware domin kai sabis karkara. Tambayarsa ita ce, shin da gaske akwai waɗannan kuɗi, ko kuwa daɗin baki ne kawai?

To, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kuɗi kam akwai su, kuma har da guminku a ciki. A dokar sadarwa ta Nijeriya ta shekarar 2003 an kafa wani asusu da ake kira USPF, wanda ke ƙarƙashin hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ya kuma fara aiki a 2006. Kowace shekara kamfanonin waya suna biyan hukumar NCC kashi 2.5 cikin 100 na abin da suka samu, daga ciki ne ake yankar wani kaso a zuba a asusun. Ke nan duk lokacin da kuka sa kati a waya, wani ɗan abu daga ciki yana tafiya can. Aikin asusun shi ne ya tallafa wa kamfani ya kafa ƙarfen sabis a wurin da ba zai ci riba ba in shi kaɗai ne, ya kuma kai kwamfuta da intanet makarantu da cibiyoyin jama'a.

An yi aiki da asusun, ba za mu ce ba a yi ba. A 2013 hukumar NCC ta ƙidaya yankuna 207 a faɗin ƙasar nan inda babu sabis, masu ɗauke da mutane kimanin miliyan 37. Zuwa 2022 ta ce sun ragu zuwa 97, masu mutane kimanin miliyan 27. To amma, Baba, ku duba lissafin da kyau. Shekara tara aka yi kafin a rage mutum miliyan 10, a 2022 ɗin saura miliyan 27 suna hawa tudu kamar yadda kuke yi. Dalili kuwa shi ne manyan damammaki guda biyu sun zo sun wuce ba a ci moriyarsu ba.

Dama ta farko ita ce shirin kai tarho karkara, wanda aka ƙaddamar a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, a 2001. An ciyo bashin Dalar Amurka miliyan 200 daga ƙasar Sin, aka ba kamfanonin ƙasar kwangila, da niyyar a fara da ƙananan hukumomi 218 kafin a game dukan 774. An gina ɗakuna, an kafa ƙarafa, an jibge na'urori a wurare da dama. Sai dai aikin ya yi ta jan ƙafa, ba a miƙa shi ga waɗanda za su gudanar da shi a kan lokaci ba, har wayar salula irin wadda ke aljihunmu yanzu ta zo ta sha gabansa. Kayan suka tsufa a tsaye, bashin kuwa ya zauna a wuyan ƙasa.

Dama ta biyu ta shiyya-shiyya ce. Tsakanin 2015 da 2018 hukumar NCC ta ba wasu kamfanoni lasisi, ɗaya domin Legas, sauran kuma domin shiyyoyi shida na ƙasar nan, har da tamu ta Arewa maso Yamma da ta Arewa maso Gabas. Aikinsu shi ne su shimfiɗa wayar faiba har ta taɓa kowace ƙaramar hukuma. Aka kuma yi maganar tallafin Naira miliyan dubu 65, wanda za a riƙa biyan kamfani bayan ya nuna aikin da ya yi a ƙasa. Shekaru suka yi ta wucewa, tallafin bai fito ba, aikin bai yi nisa ba, har kamfanin da aka fara ba shiyyar Arewa ta Tsakiya ya mayar da lasisinsa. Shi ya sa da gwamnati ta sa wa kanta burin cewa zuwa 2025 kashi 70 cikin 100 na 'yan ƙasa za su sami intanet mai sauri, shekarar ta ƙare ana maganar kusan rabi ne kawai, kuma mafi yawansu a birane suke. Wannan ita ce amsarku, Baba. Mun gode da wasiƙa.

Wasiƙa ta biyu daga wani Alhaji ce mai fataucin hatsi a Jihar Jigawa. Shi kuma cewa ya yi laifin kamfanonin waya ne, domin sun iya karɓar kuɗin kati amma ba su iya kawo ƙarfe ba. Ya ce me zai hana gwamnati ta tilasta musu?

Alhaji, sannu da ƙoƙari. Kamfani ɗan kasuwa ne kamarka, kuma kai ma ba za ka kai buhu kasuwar da kuɗin mota da na 'yan kamasho zai cinye ribarsa ba. Wannan bai wanke su daga laifi ba, domin akwai wuraren da suke da ciniki amma sabis ɗinsu sai a hankali. Sai dai akwai wani ɓangare na maganar da ba a cika faɗa wa mutanen karkara ba, kuma a gidanmu yake, wato a gwamnatocin jihohinmu.

Bari mu fara da bayanin wayar faiba, tun da mun ambace ta. Waya ce ta gilashi, zaren cikinta siriri kamar gashin kai, ana binne ta a gefen titi, saƙo yana gudu a cikinta ta hanyar haske. Duk wanda ya san noman rani na Kadawa da Kura zai gane misalin nan. Ruwa daga madatsar Tiga yake tasowa, ya bi babbar magudana, sannan ya rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi har ya isa gona. To, faiba ita ce babbar magudanar, ƙarfen sabis kuwa shi ne bakin da ruwan ke fita. Ƙarfen da ba a jona masa faiba ba yana karɓar saƙo ne ta iska daga wani ƙarfen, kuma abin da yake ɗauka kaɗan ne. Shi ya sa za ka ga waya ta nuna akwai sabis, amma ranar kasuwa da jama'a suka taru taransifa ta ƙi tafiya.

Kafin kamfani ya haƙa gefen titin jiha ya binne faiba, sai ya biya gwamnatin jihar kuɗin izinin haƙa, kuma da mita ake lissafinsa. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa ke jagoranta kuma dukan gwamnoni ke cikinta, ta amince a riƙa karɓar Naira 145 a kowace mita. An amince a Abuja, amma da aka koma gida jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai. A farkon 2020 ma jihohi 14, har da wasu na Arewa, ƙara kuɗin suka yi, sai da Ministan Sadarwa na lokacin, Dakta Isa Ali Pantami, ya zauna da gwamnoni suka sake alkawarin komawa Naira 145.

Alhaji, ɗauko alƙalami mu yi lissafin tare. Kilomita ɗaya mita 1,000 ce. In ana karɓar Naira 145, kuɗin izinin kilomita ɗaya ya kama Naira 145,000, na kilomita 50 kuma Naira miliyan 7 da dubu 250. In kuwa Naira 4,500 ake karɓa, kamar yadda Jihar Ekiti take yi kafin ta rage a 2020, kilomita ɗaya ta kama Naira miliyan 4 da rabi, kilomita 50 kuma Naira miliyan 225. Wannan fa kuɗin takarda ne kawai, ba a sayi waya ba, ba a biya leburori ba, ba a sa diga a ƙasa ba. A cikin birni kamfani zai iya daurewa ya biya, domin kilomita biyar za ta kai shi ga dubban masu saye. Hanyar ƙauye kuwa doguwa ce, masu saye kaɗan. Ashe ke nan tsadar izinin haƙa a kan ɗan karkara take faɗawa.

Wasu jihohi sun gane haka. A 2020 Jihar Kaduna ta yafe kuɗin baki ɗaya, Katsina da Filato da Ekiti da Imo suka sauko zuwa Naira 145, Kwara kuma ta mayar da shi Naira ɗaya tak a kilomita. A 2025 hukumar NCC ta ce jihohi 11 ne suka yafe gaba ɗaya, amma har a lokacin da sauran waɗanda ba su sauko zuwa Naira 145 ba, shekara 12 bayan alkawari.

Daɗin daɗawa, akwai kuɗin da aka ajiye musamman domin jihar da ta gyara wannan al'amari. A 2022 Bankin Duniya ya amince da wani shiri mai suna SABER, na Dala miliyan 750, domin jihohin Nijeriya su sauƙaƙa harkar kasuwanci. Bashi ne mai sauƙi, kuma ba raba shi ake yi daidai-wa-daida kamar kason wata-wata ba. Sai jiha ta cika sharaɗi, an zo an duba an tabbatar, sannan a sakar mata rabonta. Cikin sharuɗɗan har da gyara dokar shimfiɗa faiba: kada kuɗin izini ya wuce Naira 145, a kuma bayyana farashi da matakan neman izinin kowa ya gani. Jihar da ta yi, ta ci riba biyu, ga kuɗin banki ga kamfanoni sun shigo. Wadda ta tsaya ƙirga abin da za ta karɓa a kan mita, duka biyun sun wuce ta. Hausawa suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami, to wannan kazar ma an gaya mata dami ne.

A yi wa jihohi adalci, suna da hujjarsu. Suna cewa kamfanoni kan farfasa titi su tafi ba su gyara ba, kuma suna bukatar kuɗin shiga. Maganar gyaran titi gaskiya ce, amma maganinta shi ne a ɗaure kamfani da sharaɗin ya mayar da hanya yadda ya same ta. Kuɗin shiga kuwa, na izinin haƙa sau ɗaya ake karɓarsa, harajin kasuwar da ta bunƙasa kuma kowace shekara yake shigowa. Kazalika yafe kuɗin kaɗai ba ya kawo ƙarfe. Akwai matsalar tsaro, akwai rashin wutar lantarki da ke sa ƙarfe ya dogara da man dizal ko hasken rana, akwai ɓarayin batir da mai, akwai 'yan kwangilar titi da ke tsinka faiba da katafila, sannan ga ƙananan haraji iri-iri da ake bin ƙarfe da su bayan an kafa shi. Duk waɗannan suna cikin lissafin kamfani kafin ya zaɓi garin da zai je. Alhaji, da fatan ka gamsu.

Wasiƙa ta uku wata Hajiya ce ta aiko daga Jihar Kabi, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta ce ita a ganinta intanet na samari ne masu kallon fim, taki da ruwan sha sun fi damunta. Amma ta ce in har yana da amfani ga irinsu, a gaya musu abin da za su yi.

Hajiya, barka da sana'a. Taki da ruwan sha suna gaba, babu musu. Sai dai ki tuna, shi kansa takin ya taɓa biyowa ta waya. A 2012, lokacin da Dakta Akinwumi Adesina yake Ministan Gona, ta saƙon waya ake sanar da manomi ya je ya karɓi takinsa mai rangwame. Wanda garinsu babu sabis, sai dai ya ji labari a bakin wasu. Tun 2015 kuma jarrabawar JAMB ta shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yaron da bai taɓa taɓa kwamfuta ba kuwa tare za a zaunar da shi da ɗan birni.

Ga maganar kasuwa. Wata malamar jami'a Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar salula ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa inda waya ta shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalilin a fili yake: wanda ya san nawa ake sayar da buhu a Dawanau ko nawa sa ya kama a Maigatari kafin ya ɗora kaya a mota, ba a yi masa sayen wulaƙanci. Wannan fa kiran waya ne kawai. Yau da ake aika hoton kaya, a yi ciniki, a turo kuɗi ba tare da an taka ƙafa ba, tazarar da ke tsakanin mai sabis da marar sabis ta fi haka.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda tsaro, sannan a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, 'yan kasuwa sai da suka riƙa tafiya wata jiha domin su buga waya ko su tura kuɗi. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace. Kasuwar da ke da sabis ta lallaɓa da taransifa da masu POS. Inda babu, mai akuya da mai kwanon gero suka riƙa karyar da kaya ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu. Abin da wasu suka sha na 'yan watanni, shi mutanen da Baba ya ba mu labarinsu suke sha kowace rana.

Yanzu sai abin yi, kuma a nan muke roƙon kowa ya kasa kunne, domin wata damar ta sake zuwa. A 2024 Gwamnatin Tarayya, ta hannun Ministan Sadarwa Dakta Bosun Tijani, ta amince da shirin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000, ƙari a kan kimanin 35,000 da ake da su, a kan kuɗi kimanin Dala miliyan dubu 2. A 2025 Bankin Duniya ya amince da ba da Dala miliyan 500 domin aikin. Ko zai kammala ko zai bi sahun na baya, lokaci ne zai nuna. Abin da tarihin da muka karanto ya koya mana shi ne irin wannan kuɗi yana bin wurin da aka share masa hanya ne, ya tsallake wurin da aka yi shiru.

Na farko, ku tambayi ɗan majalisar jiharku tambaya guda: nawa jiharmu take karɓa a kan mita ɗaya ta izinin haƙa, kuma an rubuta shi a doka ko a baki ne kawai? In ya ce an yafe, ku tambaye shi ko akwai wasu kuɗin da ake karɓa da wani suna. In bai sani ba, ya je ya binciko, aikinsa ke nan.

Na biyu, ku rubuta takarda da sunan gari, ba da sunan mutum ɗaya ba. Ƙungiyar manoma da ta 'yan kasuwa da ta mata su sa hannu, mai unguwa da dagaci da hakimi su sa nasu. A rubuta sunan gari da mazaɓa da ƙaramar hukuma, yawan jama'a, ranar da kasuwa ke ci da irin kayan da ake kawowa, makarantu da asibitin da ke wurin, da nisan da ake tafiya kafin a sami sabis. A kai kwafi ga shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisar tarayya, da ofishin hukumar NCC, wadda ke da ofishin shiyya a Kano, a nemi a sa garin cikin wuraren da asusun USPF zai tallafa. Ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa, bayan wata uku ku koma ku tuna musu.

Na uku, ku faɗa a cikin takardar abin da gari zai bayar: fili marar rigima, da alkawarin tsaron ƙarfe da wayar da aka binne. Tun 2024 gwamnati ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa waɗanda lalata su babban laifi ne, amma idon mutanen gari ya fi kowace doka kusa da ƙarfen.

Na huɗu, inda akwai sabis amma ba ya aiki, ku fara kai ƙara ga kamfanin, in bai gyara ba ku kira lamba 622, ta hukumar NCC ce kuma kyauta ce. Sannan ku yi hattara da masu yawo da fom suna karɓar kuɗi wai za su kawo ƙarfe garinku ko gonarku. Duk wanda ya zo da irin wannan, ku kai shi gaban hakimi ya yi bayani.

Hajiya, ki kai wannan magana taron ƙungiyarku, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ruwa na ƙasa, in ji masu iya magana, sai ga wanda bai tona ba. Garin da ya rubuta takardarsa, ya aiko mana da labarin amsar da aka ba shi, za mu karanta a wannan fili domin wasu su koya.

Jama'a, a nan za mu dasa aya, lokaci ya yi halinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu. Ku huta lafiya.